Gwaggo Malama da Filin Yara

Ranar da Gwaggo ta cika, kafin mu gama yi mata sutura an riga an kafa rumfuna a layinmu na Unguwar Dosa. Ina ɗaki tare da Inna muna daidaita likkafani na ji ana sauke ƙarafa a waje. Da na leƙa ta taga sai na ga an toshe hanya tun daga bakin masallaci har wurin mai injin niƙa, motar haya tana ta juye fararen kujeru. Matar da ta yi shekaru tana faɗa da maƙwabta a kan tare hanya saboda biki ko suna, ga shi an tare hanya dominta, ita kuma tana kwance ba bakin magana.

Da aka dawo daga maƙabarta gida ya cika da mutanen da ban taɓa gani ba. Mata cikin leshi da turare suka zauna a kan tabarmin Gwaggo suna yi wa juna gaisuwa. Na ji wata tana tambayar ta kusa da ita ko mahaifiyar Honorabul ce ta rasu. Aka ce mata a'a, gwaggonsa ce, amma ita ta rene shi. Sai ta gyaɗa kai ta ce ai kuwa baiwar Allah ta iya tarbiyya. Honorabul ɗin wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda shi aka zo, kuma shi aka yi wa ta'aziyya.

Tsofaffin layinmu, waɗanda suka san ta, ba su yi dogon bayani ba. Sun ce ta huta. Sun ce mutuniyar kirki ce, sai dai kafiya, kuma yadda suke jan kalmar kafiyar ya nuna ita suka fi riƙewa. Baba, ƙanenta da ta goya a bayanta, ya ƙi hawa kujera. Ya zauna a ƙarshen tabarma a ƙofar gida, kansa a sunkuye, duk wanda ya yi addu'a sai ya ce amin ba tare da ya dubi fuskarsa ba.

Ɗalibanta sai bayan la'asar suka fara zuwa, lokacin da manyan motoci suka janye. Ba su shiga rumfa ba. Akwai mai tuƙa keke da ya ajiye kekensa can nesa, akwai ɗan sanda da kakinsa, akwai wata mai sayar da awara a Kurmin Mashi da ta shigo da goyo, ta riƙe hannuna ta ce ita ce ta taɓa jagorantar tsige monita a aji huɗu. Ta faɗa tana dariya, dariyar ta juye kuka, har sai da na zaunar da ita na ba ta ruwa.

Ranar addu'ar uku aka kawo lasifika. Wani mai zaƙin baki ya karɓi abin magana ya ce duk riƙon amanar da jama'a suke gani a wurin Honorabul, daga hannun wannan baiwar Allah ya samo shi. Aka yi kabbara. Na tashi na shige kicin na rufe ƙofa. A nan na ƙudura zan rubuta abin da na sani, domin in aka bar wa lasifika, nan da 'yan shekaru ba mai tuna Gwaggo sai a matsayin matar da ta yi renon babban mutum.

Yayar Baba ce. Ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa, suka zauna lafiya, Allah bai ba su haihuwa ba, ya rasu ya bar mata ɗan gidan da muka tashi a ciki. Ba ta sake aure ba. Baba ya ba ta wana tun yana ɗan yaye, daga baya ni ma aka kai ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da kuwa kunne za ta ja mini. Ita kuma kowa Malama yake ce mata, har Baba.

A wata firamare ta gwamnati take koyarwa, tsakanin Abakpa da Kurmin Mashi. Darasinta shi ne wanda a zamaninmu ake haɗa shi cikin soshiyal, daga baya aka ware shi aka kira shi sibik, wato sanin haƙƙin ɗan ƙasa da yadda ake tafiyar da mulki. Darasi ne da malamai ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A ƙarshen rana ake sa shi, lokacin da yunwa ta kama yara, kuma yawanci wanda ba shi da abin koyarwa ake jinginawa. Gwaggo da bakinta ta roƙi a ba ta shi. Ta ce lissafi in yaro bai iya ba shi kaɗai zai cutu, amma wannan in bai iya ba gari guda zai cuta.

Ba ta yarda da haddar allo ba. Sauran azuzuwa za ka ji yara suna rera siffofin shugaba nagari kamar waƙa, ajinta kuwa zaɓe ake yi. Farkon kowane zango yara su kawo murafun kwalba daga gida, ita kuma ta jera gwangwanayen madara a bayan allo, kowane gwangwani da mai takararsa. Yaro ya zagaya shi kaɗai ya jefa murfinsa, a juye a ƙirga a gaban kowa. Wanda ya ci shi ne monita. Sai dai monita a ajin Gwaggo ba sarki ba ne. Shi ke fara ɗaukar tsintsiya ranar shara, shi ne na ƙarshe a layin randa. Kuma duk ranar Juma'a kafin a tashi, zai fito gaban aji ya tsaya, kowa ya tambaye shi abin da ya ga dama: ina allin da aka ba ka ajiya, me ya sa ka rubuta sunana cikin masu surutu ba ka rubuta na abokinka ba. Ita tana zaune a bencin baya, gefen mayafinta duk farin alli, ba ta sa baki sai in an yi zagi.

Takan ce kujera aro ce, mai ita yana nan tsaye yana kallonka. Takan ce wanda ba ya son tambaya akwai abin da ya haɗiye. Tana yawan ba yara labarin halifan nan da talaka ya tsayar ana tsakiyar huɗuba ya tambaye shi inda ya samo yadin rigarsa, bai yi fushi ba, ya yi bayani. In ta gama sai ta ce su lura, ba a ce talakan ya yi rashin kunya ba.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. An taɓa yin wani monita, ɗan wani darakta, da yake rubuta sunan duk wanda ya hana shi ƙosai lokacin tara. Yara suka tambaye shi, ya musa, suka kawo shaidu, aka sake jera gwangwani aka cire shi. Washegari ubansa ya zo da mota har bakin ofis, ya ce wa hedimasta akwai malamar da ke koya wa yara raina na gaba da su. Hedimasta ya kira Gwaggo ya ce a mayar da yaron. Ta yi gardama, ya ce umarni ne. Ta mayar da shi. Amma ta tsaya a gaban aji ta ce, "Ba ku kuka mayar da shi ba, ofis ne ya mayar da shi. Ku riƙe bambancin." Maganar ta koma kunnen hedimasta, ya yi zango guda ba ya amsa gaisuwarta da kyau.

Ba zan ce mai sauƙin zama ba ce. In ta ƙi abu ta ƙi shi ke nan. Iyaye sukan aiko mata da kaza ko atamfa kusa da jarrabawa, ta sa ni in mayar, in faɗi saƙon godiya kalma bayan kalma kamar yadda ta tsara. Da rediyo ma faɗa take yi. Ana karanta labarai tana tankaɗen tuwo, tana ba mai magana amsa, wani lokaci har ta ce masa ƙarya yake yi. A gida ta ba mu damar mu ma mu tambaye ta ranar Juma'a, amma in tambayar ta taɓa ta sai ta ɗaure fuska ta amsa, ta kuma ƙara mana wanke-wanke, ta ce amsa haƙƙinmu ce, wanke-wanke kuma haƙƙinta.

Akwai wata yarinya a ajinta da mahaifiyarta ta samu taɓin hankali, kanta ya cika da ƙwarƙwata, yara suna gudun zama kusa da ita. Gwaggo ba ta yi wa'azi a kai ba. Duk Asabar sai ta je ta ɗauko ta, ta wanke mata kai a tsakar gidanmu, ta tsefe, ta yi mata kitso irin nawa, mu ci abinci kwano ɗaya, ta raka ta gida. Haka ta yi har yarinyar ta gama firamare. Ba ta taɓa ba wani labarin ba, kuma ta hana ni faɗa a makaranta.

Cikin duk monitocin da ta yi, ba wanda take alfahari da shi kamar wana. Da ya zo ajinta ta so ta hana shi tsayawa don kada a ce ɗan gida ne, yara suka ce ba ta da wannan ikon, ta yi dariya ta bari. Ya ci, ya sake ci. Wata Juma'a aka tambaye shi me ya sa amininsa bai yi shara ba. Ya ce gaskiya ya ɗaga masa ƙafa ne, kuma kuskure ne. Ba wanda ya sa shi, ya ɗauki tsintsiya ya share aji shi kaɗai mako guda. Gwaggo ta yi shekaru tana ba da wannan labari. Daga ranar ta daina kiran sunansa, Monita take ce masa, har ya yi gemu, har ya yi aure. Na sha jin tana ce wa Baba, in irin wannan yaro ya samu dama, ƙasa ta huta.

Da ya ce zai tsaya takarar kansila, ita da ba ta taɓa shiga harkar jam'iyya ba ta ɗauki mayafinta. Bayan an tashi daga makaranta sai ta bi gidajen tsofaffin ɗalibanta, lungu-lungu, tana ce wa iyaye mata ita ta tsaya masa, in ya ci amana ita za su kama. Matan sukan ce in dai ke kika faɗa, Malama, an gama. Ya ci. Shekarun farko ya yi abin kirki, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya gyara kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina. Daga nan ya yi gaba, aka ba shi muƙami a wani ofishi da ba zan ambata ba, wanda ke da ta cewa a kan filaye. Motarsa ta koma mai baƙin gilashi. Zuwansa gidan Gwaggo ya koma daga Sallah sai Sallah. Ta lura, sai dai ta ce aiki ne ya yi masa yawa.

Makarantar Gwaggo tana da fili a gabanta, ba babba can ba, amma nan ake taron safe, nan ake ƙwallo da langa, ga itatuwan darbejiya a gefe inda mata masu talla ke zama. Wata shekara aka dawo daga dogon hutu aka tarar an kewaye filin da kwano, an sare itatuwan, an haƙa ramukan gini. Shaguna za a yi. Hedimasta ya ce shi ma gani ya yi, daga sama aka zo da maganar.

Ranar Juma'ar farko yara ba su tambayi monita komai ba. Wata yarinya ta juya wajen bencin baya ta ce, Malama, wa ya ba da filinmu, kuma za mu iya tambayarsa? Gwaggo ta ce za su iya, haƙƙinsu ne, kuma za ta nemo musu ko wane ne. Ba ta sha wahalar nema ba. Magina da kansu suka gaya mata, suna zaton daɗi za ta ji. Suka ce ai aikin ɗanki ne, Malama, shi ya sa hannu.

Ranar Lahadi ta sa ni na raka ta gidan Baba a Abakpa, ta ce a kira wana. Ya zo da rakiyar mutum biyu, ta ce su jira a waje. Ina kawo ruwa na tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce in fita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, saƙon yara ta kawo. Suna so ya zo ranar Juma'a ya tsaya a gabansu ya gaya musu dalilin da ya sa aka ɗauke musu fili. In yana da hujja za su fahimta, yara ba wawaye ba ne.

Wana ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa tsoho ce in ya faɗi abin da zamani ya wuce. Ya ce, "Gwaggo, wannan fa ba aji huɗu ba ne."

Ya yi bayani mai tsawo. Ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, in bai sa hannu ba za a cire shi a kawo wanda zai sa. Ya ce da kuɗin hayar shagunan za a gyara rufin azuzuwa. Ya ce ita ba ta san yawan mutanen da ke rataye a wuyansa ba, ya lissafo maganin Baba, ya lissafo auren ƙannenmu, ya nuna ni ya ce karatun jinyar da nake yi ma wa ke ɗauke da shi. Duk gaskiya ne, ba wanda ya musa. Gwaggo ta saurara har ya gama, ta ce to, wannan ɗin da ya faɗa mata, shi take so ya je ya faɗa wa yara. Ya ce ba zai je ya tsaya gaban 'yan firamare ana yi masa tambayoyi kamar ɓarawo ba.

Nan Baba ya sa baki. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi aikinsa har ritaya bai taɓa ɗaga kai ya kalli na sama da shi ba, kuma yana ganin hakan shi ya tsare shi. Ya ce, "Malama, gida ɗaya muke. In kika tona masa asiri, namu kika tona."

Ta dube shi ta ce, "Wane asiri ne aka kewaye da kwano a tsakiyar unguwa?"

Baba ya ce ita matsalarta ke nan tun suna yara, ba ta san a bar kaza cikin gashinta ba. Ya ce darasin aji daban, rayuwa daban, kowa ya san haka sai ita. Ta tambaye shi, in haka ne, me ya sa ya bar ta ta yi shekaru tana yi wa 'ya'yan mutane ƙarya, har da nasa. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta juya wurin wana ta ce, "Sai an jima, Honorabul." Na ga yadda fuskarsa ta canza. Tun daga ranar ba ta sake ce masa Monita ba.

Juma'a ta zo, ta gaya wa yara gaskiya. Ta ce ta gano wanda ya sa hannu, ɗanta ne da ta rena, a wannan ajin ya zauna, ta kai masa saƙonsu ya ce ba zai zo ba. Yarinyar nan ta sake ɗaga hannu ta ce, to Malama, in shugaba ya ƙi zuwa, me ake yi? Gwaggo ta gaya mini ta buɗe baki ta rasa abin faɗa, sai ƙararrawa ta cece ta. Ranar ta dawo gida ba ta ci abinci ba, ba ta kunna rediyo ba.

Ba ta tsaya nan ba. A taron iyaye da malamai ta miƙe ta maimaita maganar, ta kuma ba matan da ta bi gida-gida haƙuri, ta ce ita ta tsaya masa, ga ta su kama. Ba wadda ta kama ta. Wasu suka yi ta Allah wadai, aka ce za a kafa kwamiti, aka watse. Gini ya ci gaba. Kafin zangon ya ƙare aka yi wa Gwaggo canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can ƙetaren kogi, bayan gari, inda sai ta hau bas biyu sannan ta ƙarasa a kan babur. Lokacin gwiwoyinta sun riga sun fara ba ta wahala. A can ba sibik aka ba ta ba, lissafin aji biyu aka ba ta.

Wana ya rantse ba da saninsa aka yi ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin akwai masu yi wa manya aikin da ba a sa su ba. Ya aiko cewa da waya ɗaya zai sa a dawo da ita. Ta ce ba za ta dawo ta ƙofar da aka fitar da filin yara ba. Haka ta yi ta jan ƙafa zuwa ƙetare, rani da damina, har ta yi ritaya.

Abin da ya fi cin ta ba nisan hanya ba ne, dangi ne. Aka daina sanar da ita sha'ani sai ya wuce. In ta shiga gidan biki sai hira ta mutu. Wata daga cikin danginmu ta faɗa a tsakar gida, a inda ta san za a kai wa Gwaggo, cewa ba komai ba ne illa baƙin ciki, wadda ba ta haifa ba ina za ta so ɗan wani ya ɗaukaka. Gwaggo da ta yi jinyar ƙyandar wana, da ta sayar da keken ɗinkinta lokacin da zai shiga jami'a. Da maganar ta iso ta, tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba, ta dai ce, Uwata, miƙo mini wancan kwanon. Baba ya daina zuwa. Ta bakina yake aiko mata da gaisuwa, ta bakina take amsawa, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar bas ɗaya ba.

Tun ina ƙarama na san ba abin da take buri kamar ta je Makka. Wata shekara wana ya aiko ni in gaya mata ya samo mata kujera. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce in ce masa Allah Ya saka da alheri, amma ba ta san da wane shago aka biya ba. Ta rasu ba ta je ba.

Duk da haka ba ta yanke shi ba. 'Yarsa ta fari tana da sikila, kuma duk lokacin da ciwon ya tashi Gwaggo ce a bakin gadon asibiti, tana matsa mata ƙafa, tana ba ta labarai, kwana da kwanaki. In ya shigo ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ta tambayi aiki, ta mayar da hankalinta kan yarinya. Ya taɓa ce mini da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Shagunan suna nan, ana sayar da kayan waya da taliya da man gyaran gashi. Rufin azuzuwa kuwa har yau in an yi ruwa sai yara su tattara a kusurwa ɗaya. Taron safe a ɗan lungun da ke tsakanin azuzuwa ake yi, lokacin tara kuma bakin titi suke fita. An yi wani yaro da babur ya kaɗe ya karya masa ƙafa. Gwaggo ta riga ta yi ritaya, ba ta ma san shi ba, amma ta sa na nemo gidansu, ta je da sandarta ta duba shi. A hanyar dawowa ne, muna cikin keke, ta faɗi maganar da har yau ba ta bar ni ba. Ta ce, "Uwata, na koya wa yara tambaya. Ban koya musu abin da za su yi ba in an yi musu dariya, don ni ma ban sani ba."

Bayan ritaya yaran layi sukan taru a tsakar gidanta da yamma. Karatu da rubutu take koya musu, sai lissafi. Na taɓa tambayarta ko ba za ta jera musu gwangwani ba, ta ce ta gaji.

Ciwon ajalinta shanyewar ɓarin jiki ne. Na dawo da ita gida daga asibiti, na ɗauki hutu ina jinyarta. Harshenta ya yi nauyi, amma hankalinta garau. Baba ya zo, karo na farko cikin shekaru, ya zauna a bakin gado ya riƙe hannunta mai lafiya. Ba su yi maganar baya ba. Ta dai ce masa ya rame, ya ce ita ma, suka zauna tare har aka kira azahar.

Wana ya zo wata ranar bayan la'asar, shi kaɗai, ya bar mota a bakin titi ya tako. Ya cire hula ya durƙusa a ƙasa kusa da gadon, babban mutum da furfura a gemu, yana kuka kamar yaro. Na yi niyyar fita, ta yi mini alama da ido in zauna. Ya ce ta yafe masa, ya san ya ɓata mata, ya san saboda shi ta sha abin da ta sha. Ta ɗora hannu a kansa ta daɗe tana shafawa. Da ta yi magana a hankali ta yi, tana jan kowace kalma.

"Nawa na yafe, ɗana, duniya da lahira. Na yaran ba nawa ba ne. Je ka nemo su."

Ya ɗago ya ce ina zai same su yanzu, sun girma sun watsu.

Ta ce, "Ka san hanyar makarantar. Akwai wasu a ciki."

Daga nan ta nemi in ba ta ruwa, ta sha kaɗan, ta lumshe ido. Ya ɗan ƙara zama, ya mayar da hularsa, ya fita. Ba ta ƙara mako ba a duniya.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa wahalar gwiwa da ta zuciya su zama kaffara. Ya ba ta abin da ta yi buri ba ta samu ba, a inda ba a tambayar da me aka biya. Ya haɗa ta da mijinta da iyayenta cikin rahama, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Wana bai je makarantar ba tukuna. Yana da sauran lokaci in ya ga dama. Ita ce nata ya ƙare.